Inshorar lafiya ta kamfani ga ƙaramar yarinya, in yi ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar iyayen da suka taɓa yi wa ƙaramin yaro inshorar lafiya a kamfani mai zaman kansa. 'Yata shekararta biyu, kuma na rasa ta cewa.

Yara a wannan shekarun ba sa rabuwa da zazzaɓi da tari. Idan jikinta ya ɗau zafi da tsakar dare, ba na so in tsaya lissafi kafin in kai ta wurin likita.

Amma da na karanta sharuɗɗan, sai jikina ya yi sanyi. Akwai lokacin jira, wato sai an yi watanni ana biya kafin su ɗauki nauyin wasu jinyoyin. Ciwon da yaro ke da shi kafin rajista kuwa, sun ce babu ruwansu. Nan ne hankalina ya fi tashi, domin likita ya taɓa rubuta a katinta cewa numfashinta na sarƙewa, kamar alamun asma. Ga iyakar abin da za su biya a shekara, ga asibitocin da suka amince da su kaɗai, kuma duk zuwa sai na cika wani kaso daga aljihuna.

Babanta yana ganin gara mu riƙa ware kuɗin duk wata muna ajiyewa. Ni tsorona a kwantar da ita ko a ce tiyata, ajiyar ta ƙare lokaci guda.

Waɗanda 'ya'yanku ke da matsalar numfashi, kamfanin ya biya muku kuwa? Da kuka zo sabuntawa, sun ƙara kuɗin?