Allon Tunatarwa a Wajen Casa: In Gwada Tukuna Ko In Saya Kawai?

Mai Inji, Kura: Salamu alaikum. Yara shida nake da su a injin casar shinkafa, tsaki ya yi mana yawa. An ba ni shawara in liƙa allo mai hotuna da ajami, in sayi na'urar auna danshi, kada a zuba shanshera sai danshinta ya sauka kusan kashi 14 cikin ɗari. Niyyata in fara da masu aikin safe kaɗai na sati 2, in riƙa auna tsakin kowane buhu, in kwatanta da na masu yamma. Akwai wanda ya taɓa?

Baba na Bunkure: Wa alaikumus salam. Ka kori malalacin cikinsu, sauran za su shiga taitayinsu.

Ɗan Auyo: Alhaji, ka tsaya kan gwajinka. Ni na yi aikin malamin gona da wata ƙungiya. Aka raba mana waya da manhaja, komai da Turanci, ga ƙauyukan babu sabis. Ba wanda ya tambaye mu ko tana amfani. Masu tantancewa suka zo da mota mai sanyi, suka ƙirga wayoyi, suka ɗauki hoto, ko gona ɗaya ba su taka ba. Da damina ta ƙi, rahoto ya ce mu ne ba mu iya ba. Alawus ɗina na wata 3 har yau shiru.

Hajiya Mai Gumi: Allah ya saka maka, ɗana. Na'urar dai dubu 45 na ji.

Ɗan Kadawa: Hajiya, wannan tsohon farashi ne. Ta haura haka.

Baba na Bunkure: Haƙorina kyauta ne. Cizo ɗaya na san ta bushe.

Ɗan Kadawa: Baba, saura nawa haƙoran?

Hajiya Mai Gumi: Kai, ka ji tsoron Allah! Amma wanda bai taɓa turara shinkafa ba ya daina ba mu fatawa. Tun daga jiƙo da shanya ake ɓata ta, ba a bakin inji ba.

Ɗan Auyo: To shi ya sa sai an auna, Hajiya. In masu safe da shinkafar da aka turara a wuri ɗaya suke aiki, masu yamma da ta wani wurin, gwajin ma ya ɓaci.

Mai Inji, Kura: Wannan kam ban yi tunaninsa ba.

Ɗan Kadawa: Ku bar ta tsaki. Yaushe rabonku da wuta? Mu kwana 4 ke nan a kan dizal, ga takardar kuɗi an kawo jiya.