Wai da gaske hasken fitila da sabis ɗin waya abu ɗaya ne?

Maman_Hanif:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu fiziks a taimaka. Ƙanena ɗan SS2 ne ya dawo makaranta yana cewa malaminsu ya ce hasken rana da rediyo da sabis ɗin waya har da eksire na asibiti duk jinsi ɗaya ne. To in haka ne me ya sa ido ke ganin haske amma ba ya ganin sabis? Kuma abin da ya fi damuna ga eriyar sabis an kafa bayan layinmu a Unguwar Rogo, mata sai surutu suke wai tana kawo cutar daji, ni kuma da ƙananan yara.

Malam_Naraguta:
Wa alaikis salam Hajiya. Malamin ya yi gaskiya. Duk igiyoyin lantarki da maganadisu ne, gudunsu ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, shi ya sa hasken rana ke iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Wani ɗan Sukotlan mai suna Maxwell ne ya lissafo haka wajen 1865, da ya ga gudun da lissafinsa ya bayar ya zo daidai da gudun haske sai ya ce ai haske ma cikinsu yake, daga baya Hertz a Jamus ya haɗa na'ura a 1887 ya samar da igiyar rediyo ya tabbatar. Bambancin kawai tsawon zango. Kin tuna yadda ake cewa a kama mu a gajeren zango mita 25 ko 31? To tsawon igiyar ke nan da gaske, mita 25 cur. Na FM wajen mita 3 ne, na waya bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, shi kuwa hasken da muke gani sai an raba milimita gida dubu sannan a ɗauki wajen rabi, ja ya fi tsawo shuɗi ya fi gajarta. Idonmu iya wannan ɗan tsakanin aka halitta shi ya kama.

Auwal_Terminus:
Aunty gwada wannan yanzu, ɗauko rimot ɗin talabijin ki buɗe kyamarar waya ki saita kan ɗan ƙwan da ke bakinsa ki danna kowane maɓalli. Za ki ga yana ƙyaftawa fari-fari da ɗan shuni a sikirin, amma da ido ƙuru ba komai, don shi ma haske ne da ba ya cikin ɗan tsakanin da ido ke kamawa. In ta baya ba ta nuna ba juya ta selfi, wasu wayoyin suna tace shi. Haka muke gane rimot ya mutu ko batir ne a shago.

Nas_Rabi:
Maganar eriya kuma, kwantar da hankalinki 'yar uwa. Einstein ya nuna a 1905 cewa haske na zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, foton ake ce musu, kuma ƙarfin kowace ƙwaya ya danganta da gajartar zangonta. Ta eksire tana da ƙarfin da za ta tsinka sinadaran cikin ƙwayar halittar jiki, shi ya sa mai ɗaukar hoton ke laɓewa bayan katanga mai dalma kuma muke tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a ɗauka. Ta waya kuwa mai rauni ce, hatta ta ƙwan fitilar ɗakinki ta ninka ta waya ƙarfi fiye da sau dubu ɗari, iyakacin abin da aka tabbatar ta wayar tana yi ɗan ɗumamawa ne in ta yi yawa sosai. Ni abin da ya fi ba ni tsoro a nan Jos rana ce wallahi, muna kan tudu sama da mita 1,200, sanyi na ruɗinmu mu zauna cikinta alhali ɓoyayyen haskenta da ke gaba da shuni yana ƙona fata, musamman yara zabiya, a riƙa sa musu malafa da riga mai dogon hannu dan Allah.

Maman_Hanif:
Na gwada rimot ɗin, ikon Allah, yana ƙyaftawa! Na gode. Amma Malam ya ce igiya, Nas ta ce ƙwaya, wanne za mu kama?

Malam_Naraguta:
Duka biyun Hajiya. Thomas Young ya tura haske ta siraran tsaga biyu a farkon shekarun 1800, sai layuka masu haske da duhu suka fito a bango, igiya ce kaɗai ke haka. Amma in ya faɗa kan faifan sola ɗaya-ɗaya yake ba da ƙarfinsa. Ki ce wa yaron ya riƙe wannan da kyau, yana fitowa a WAEC.