Waɗanda suka taɓa ɗauke tsarin fayil mai sabobi da yawa daga Linux zuwa wata babbar manhaja, ku zo mu ji

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tsarinmu yana rarraba fayiloli a kan sabobi da yawa, kuma a kan Linux aka gina shi. Yanzu an ɗora mini aikin kai shi FreeBSD. Na maye epoll, hanyar da Linux ke sa ido kan haɗi da yawa a lokaci guda, da takwararta ta FreeBSD, kqueue, komai ya harhaɗu lafiya lau, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Waɗanda suka riga ni, a ina kuka yi tuntuɓe?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da lambobin kuskure. Namu tsarin yana tura su tsakanin kwamfutoci yadda suke, babu fassara. A Linux, 61 tana nufin ENODATA, wato fayil ba shi da sifar da ka nema. A FreeBSD kuwa 61 ita ce ECONNREFUSED, wato an ƙi karɓar haɗi. Kwana uku na yi ina bin wayoyi da saitin tsaro ɗaya bayan ɗaya, alhali sabar lafiyarta ƙalau, amsa take bayarwa daidai, mu ne ba mu ji yarenta ba. Sai da na buɗe fakitin na ga 61 da idona. Haka EAGAIN, wato a sake gwadawa: 11 a Linux, 35 a FreeBSD.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne Malam. Ni ƙarin sifofin fayil ne suka sha mini kai. Muna ajiye shaidar kowane fayil a rukunin sifofi mai suna trusted, kamar yadda GlusterFS, wani tsarin fayil mai sabobi da yawa, ke yi, sai ga shi FreeBSD rukunin user da system kawai ya sani.

Amsa ta uku: Ni Windows na kai namu ta hanyar Dokan, manhajar da ke ba ka damar ɗora tsarin fayil naka a kan Windows. Wani abokin aiki ya ajiye Makefile da makefile a jaka guda, ɗaya ya ɓace mana daga gani, don Windows a bisa al'ada ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. Ga kuma sunaye irin su CON da NUL da ba a yarda da su ba.

Amsa ta huɗu: Don Allah kada ka yarda da fsync, umarnin tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, sai ka gwada. A macOS ba ta tilasta wa faifai ya zubar da abin da ya riƙe, sai ka kira F_FULLFSYNC. Ranar da na zare wutar injin gwaji da gangan na gane haka, na tarar rubutun da muka ce ya tabbata babu shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na duba yanzun nan, mu ma ɗanyen lambobin muke turawa. Yau zan rubuta teburin fassara, gobe in zare wuta in gani.