Masu yi wa a-kori-kura juye a gida, ku zo mu ji yadda kuke yi

Mai Hilux fara:
Salamu alaikum jama'a. Ina so in fara yi wa motata juyen man inji da kaina a gida, Hilux ce mai fetur, injin 2.7. Dalili kuwa duk sanda na kai gareji sai a ce in bar ta in dawo, ni kuma ban san me aka zuba mata ba, galan ɗin da na sayo ne ko wani. Waɗanda suka saba don Allah ku faɗa min abin da kuka gani da idonku a aikin.

Direban Dawanau:
Wa alaikumus salam. Ai Hilux ba ta da wuya malam, tsayinta ya isa ka shimfiɗa kwali ka shige ƙasa ba sai ka ɗaga ta ba, in kuma dole sai an ɗaga to kar ka kuskura ka shiga jak kaɗai na riƙe da ita. Ni da sassafe nake yi, in tayar da ita ta yi kamar minti biyar man ya saki jiki, in kashe, in ja birkin hannu in sa dutse a taya. Notin ƙasa, wato wanda ake kwancewa tsohon mai ya zubo, sifana 14 ce. In ya kusa fita ka riƙa danna shi ciki da yatsa kana warwarewa sannan ka janye hannu lokaci guda, don da farko man ba ya sauka a miƙe, tsartuwa yake yi gefe, sai ka ɗan gusar da robar da ka tara. Kuma galan mai lita 4 ba zai ishe ka ba fa, injin nan yana shan wajen lita biyar da rabi in har da sabuwar fita, wato matatar mai.

Bakanike Panteka:
Direba ya gama magana, amma bari in ƙara abin da ke kawo mana motoci gareji bayan an yi juyen gida. Na farko robar bakin fita. Wani lokacin in ka kwance tsohuwar fita, baƙar robar nan takan maƙale a jikin inji ba ta biyo ta ba, mutum bai duba ba sai ya ɗaura sabuwa a kai, roba biyu kenan. An taɓa jawo mana wata a-kori-kura L200 da igiya saboda haka, mai ita ya ce ko kwanar unguwarsu bai sha ba fitilar mai ta kawo, da muka leƙa ƙasa man ya wanke komai har bayan giya, Allah ya taimake shi ya kashe da wuri. Don haka kana cire tsohuwa ka juya ta ka ga robar na nan, ka goge wurin da tsumma, ka shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaura da hannu kawai. In robar ta taɓa inji ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye shikenan.

Na biyu notin ƙasa. Yara masu koyon aiki ne suka fi yin wannan, a sa bututu a sifana a danne sai ka ce ana ɗaure taya, zaren ya cinye, daga nan kullum ɗiga. Ka fara sa shi da yatsu ya shiga lafiya tukunna sifana ta zo, kuma ka canza washa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Hajiya mai gona:
Tawa dizal ce, 2.5, ɗana ne yake yi mata ni dai ina zaune a kujera ina kallo. Tana shan kusan lita 7, kuma mai lamba 15W-40 na dizal muke sa mata. Littafi ya ba da tazara mai yawa amma mu da ke bin hanyar burji da kayan taki da buhunan masara, kilomita 5,000 muke juyewa, lokacin hunturu kuma har fitar iska sai an buɗe don ƙura. Abin da nake roƙonku shi ne tsohon man. Wani maƙwabcinmu a kwata yake tuttular da nasa, ga rijiya kusa ga yara na wasa. Mu a galan ɗin da ya zama fanko muke mayar da shi a rufe, masu bulo da kafintoci suna zuwa nema da kansu.

Ɗan Maraɗi:
Ni mai kauri, 20W-50, nake sa wa komai tun zamanin 504 ɗin babanmu, zafin ƙasar nan ba wasa ba ne, mai ruwa-ruwa ban yarda da shi ba gaskiya.

Bakanike Panteka:
Alhaji 504 daban, wannan daban. Tsohon injin da ya sha tafiya yana ɗan hayaƙi, eh mai kauri na rufa masa asiri. Amma injin zamani mai tsarin da ake kira VVT-i da matsin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul, hanyoyin man kuma ƙanana ne, gara mai Hilux ya duba littafin motar ya sa abin da aka rubuta. Ni abin da ya fi damuna ma jabun mai ne, galan ya yi kyau a ido amma an sake cika shi, ka duba hatimin murfi kafin ka biya, in ka ga arha ta yi yawa ka ajiye musu kayansu.

Direban Dawanau:
Na manta ban faɗa ba, kar ka juye man gaba ɗaya lokaci guda. Ka zuba lita 5, ka tayar da ita ka zuba wa fitilar mai ido, cikin 'yan daƙiƙu ya kamata ta mutu, in ta ƙi ka kashe nan take. Sai ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, ka bar ta ta huta minti biyar a wuri mai daidai, ka zaro geji, wato sandar auna mai, ka goge ka mayar ka sake zarowa, sannan ka cika har kusa da alamar sama ba tare da ka wuce ta ba. Ni da alƙalamin maka nake rubuta kilomita a ɗan salatif in manna a ƙofar direba.

Mai Hilux fara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga bakanike, tsohuwar fitar da ke jiki yanzu gareji ne suka ɗaura, na gwada da hannu ko motsi ba ta yi. Sifanar fita mai sarƙa zan nema ko mai kama da kofi da ake kifawa a gindinta?