Don Allah a taimaka, saiwar okid ɗina na ruɓewa

Salam jama'a, masu harkar furanni a agaza min. Ina da ɗan ƙaramin okid (furen ado ne, orchid da Turanci), irin wanda ake ce wa Phalaenopsis, a baranda, nan Agege, ba a ƙasa aka dasa shi ba, cikin ɓawon kwakwa ne da gawayi. Tunda ruwan Yuni ya kankama saiwoyin suka fara baƙi, in ka taɓa lagwab kamar dafaffiyar taliya, ganyen ƙasa kuma ya koma rawaya, alhali ban ma cika ba shi ruwa ba, danshin Legas ai ya isa. In yanke ruɓaɓɓun in canza masa tukunya mai huji yanzu, ko in bari sai furen ya zube? Kirfar nan da ake cewa a barbaɗa a wajen yankan, tana aiki kuwa?