Gaɓar da ake ƙarfafawa a kalmar "kilometre"

Masu tattauna furucin kalmar Ingilishi "kilometre" sun kasu gida biyu. Wasu sun ba da shawarar a ƙarfafa gaɓar farko, domin sunan ma'auni ce kamar "centimetre" da "millimetre", waɗanda babu mai jayayya a kan furucinsu. Wasu kuma sun nuna cewa ƙarfafa gaɓa ta biyu, kamar yadda ake yi wa sunayen na'urori irin su "thermometer", shi ya fi yawa a Amurka, kuma ya bazu a Ingila. A ganina hujjar farko ta fi tsari, amma tunda manyan ƙamusoshi sun karɓi duka biyun, bai kamata malamai su rage wa ɗalibi maki ba saboda zaɓinsa.