Wannan kifin mai kumbura, ana cinsa?

Ɗan Gashuwa: Jama'a, jiya na raka maigidana kasuwar kifi ta Epe a jihar Legas, na ga wani kifi ya kumbura kamar ƙwallo, bakinsa sak na aku. Ni tarwaɗa da karfasa na sani. Ana cinsa kuwa?

Hajiya Agege: Kul, ɗana! Gubarsa tana hanta da ƙwai, dahuwa ba ta kashe ta. A Japan ma sai mai lasisi ke gyara shi.

Malamin Idi-Araba: Ai teku ba Kogin Yobe ba ce. Ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a teku, zurfinsa ya kusa kilomita 11, sai 1960 mutum ya fara taɓo ƙasansa. Can rana ba ta kaiwa. Wasu kifayen zurfi ma da fitilarsu suke farauta.

Ɗan Gashuwa: Fitila kuma, Malam? Mama, na ji. Na koma wa banda.